Gani Ya Kori Ji: Yadda Ake Koya wa Ɗalibai Illar Wariyar Launin Fata a Duniyar Kwamfuta

  Uwargida, in kina tankaɗe ne ko kina kan keken ɗinki, ci gaba da abinki, kunnenki kawai muke aro.

Yau za mu yi tafiya mai nisa ba tare da mun taka ƙofar zaure ba. Za mu leƙa makarantu da gidajen tarihi na Amurka da Turai, mu ga wata dabara da malamai suka ɓullo da ita don koya wa ɗalibai abin da ake kira wariyar launin fata. Dabarar kuwa ita ce a gina wani gari ko wani ɗaki a cikin kwamfuta, a shigar da ɗalibi ciki ya yi yawo, ya gani da idonsa, wani lokaci ma har a canza masa launin fatarsa. Tambayar da za mu bi a hankali ita ce: shin wannan yana sa yaro ya daina raina ɗan'uwansa? Amsar tana da daɗi ta wani gefe, tana da ɗaci ta wani gefe, kuma a ƙarshe za ku ga ta biyo ta kanmu mu iyaye.

Da farko dai, mece ce wariyar launin fata? Ita ce a ɗauka cewa launin fatar mutum, ko jinin da ya fito daga cikinsa, shi ke nuna darajarsa da hankalinsa, sannan a ɗora doka da mu'amala a kan wannan zato. A Amurka abin ya samo asali ne daga cinikin bayi. Cikin shekaru fiye da 300, an loda mutanen Afirka kimanin miliyan 12 da rabi a jiragen ruwa, da yawansu daga nan Afirka ta Yamma, aka tsallaka teku da su zuwa Brazil da tsibiran Karebiyan da Amurka. An haramta bauta a Amurka a 1865, amma sai jihohin kudancin ƙasar suka kafa dokokin raba jama'a. Makarantar farar fata daban, ta baƙar fata daban. Haka asibiti, haka kujerar mota, har famfon shan ruwa.

A 1955 aka kama wata mai sana'ar ɗinki, Rosa Parks, a garin Montgomery, don kawai ta ƙi tashi ta bai wa farar fata kujerarta a cikin bas. A 1960 wata yarinya 'yar shekara 6 mai suna Ruby Bridges sai da jami'an tsaron gwamnatin tarayya suka riƙa raka ta makaranta a New Orleans, saboda ita ce baƙar fata ta farko da ta shiga makarantar. Iyaye suka kwashe 'ya'yansu, yarinyar nan ta yi shekara guda ita kaɗai a aji, daga ita sai malamarta. Ki duba 'yarki mai shekara 6, ki kwatanta. Sai a 1964 aka yi dokar da ta haramta irin wannan rabe-rabe a ƙasar baki ɗaya. A Afirka ta Kudu kuwa, mulkin wariya ya kama daga 1948 har zuwa 1994, shekarar da aka zaɓi Nelson Mandela shugaban ƙasa.

To doka ta kau, amma abin da ke cikin zuciya ba a soke shi da alƙalami. Nan ne matsalar malamai take. Yaro zai iya haddace duk shekarun nan da na lissafa, ya rubuta a jarrabawa, ya ci maki, ya fito filin wasa ya ci gaba da tsokanar ɗan ajinsu saboda launinsa. Ya san labarin, amma labarin bai taɓa shi ba.

Kuma abin yana shiga yaro da wuri fiye da yadda ake zato. A shekarun 1940, wasu masana halayyar ɗan'adam, miji da mata, Kenneth Clark da Mamie Clark, dukansu baƙar fata, sun yi wani gwaji da 'yar tsana. Suka ajiye wa yara baƙar fata masu shekara 3 zuwa 7 'yan tsana iri ɗaya sak, bambancinsu launi kawai. Suka riƙa tambayar su wacce suke so su yi wasa da ita, wacce ce ta kirki, wacce ce ba ta da kyau. Mafi yawan yaran suka zaɓi farar a matsayin ta kirki. Wato yaro bai ma iya karatu ba, amma ya riga ya koyi ƙin launin jikinsa. Babbar kotun Amurka ta ambaci binciken waɗannan masana a hukuncin da ta yanke a 1954, wanda ya haramta raba makarantu bisa launin fata.

Saboda haka tun kafin zuwan kwamfuta malamai ke neman hanyar da yaro zai ɗanɗana abin a jikinsa. A watan Afrilu na 1968, washegarin ranar da aka harbe jagoran baƙar fata Martin Luther King, wata malamar firamare mai suna Jane Elliott, a wani ƙaramin gari da ake kira Riceville a jihar Iowa, ta raba 'yan ajinta gida biyu bisa launin ƙwayar idonsu. Yaran dukansu farar fata ne, 'yan kimanin shekara 8. Ta ce wa ɓangare ɗaya su ne masu ƙwaƙwalwa, ta ƙara musu lokacin wasa. Ɗaya ɓangaren aka riƙa ƙyamar su, aka hana su shan ruwa a famfo ɗaya da sauran. Kafin a tashi daga makaranta, abokai sun zama abokan gaba, yaran da aka ƙasƙantar sun fara kasa aikin da suka saba yi cikin sauƙi. Daga baya ta juya abin, na sama suka koma ƙasa. Darasin ya yi suna a duniya, amma ya sha suka, domin yara na gaske ne aka sa kuka na gaske.

Gidan tarihin mulkin wariya da aka buɗe a Johannesburg a 2001 shi ma yana da tasa dabarar. In ka sayi tikitin shiga, za ka ga an rubuta maka ko kai farar fata ne ko ba farar fata ba ne, ba tare da an dubi fuskarka ba, kuma kowane rukuni da ƙofar da zai bi. Sai dai yara nawa ne za su iya zuwa Johannesburg? Ga kuɗin jirgi, ga nisa. Wannan giɓi ne duniyar kwamfuta ta zo ta cike.

Yanzu bari in yi muku bayanin wannan duniya. Kun san yadda yara mata ke wasan 'yar tsana: a yi mata ɗaki da kwali, a yi mata gado da tukunya, yarinya ta riƙa motsa ta tana yi mata magana. To haka abin yake, sai dai ɗakin da 'yar tsanar duk zane ne a cikin kwamfuta. Masu gini za su zana tituna da gidaje da kantuna. Duk wanda ya shiga ta intanet za a ba shi mutum-mutumi da zai tsaya a madadinsa. Shi zai zaɓa masa tufafi da tsawo da launin fata. In ya danna maɓalli, mutum-mutumin ya yi tafiya, ya buɗe ƙofa, ya ɗauki takarda ya karanta. In wani ya shiga daga wata ƙasa a daidai lokacin, sai su haɗu a titi ɗaya su gaisa.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka yi suna a irin waɗannan duniyoyi ita ce Second Life, ma'ana rayuwa ta biyu, wadda kamfanin Linden Lab na birnin San Francisco ya buɗe a 2003. A shekarun da suka biyo baya jami'o'i da gidajen tarihi da yawa sun kama filaye a cikinta, suka gina ajujuwa da ɗakunan baje koli. Tun kafin nan ma, a ƙarshen shekarun 1990, wani malamin adabi mai suna Bryan Carter ya fara gina unguwar Harlem ta birnin New York a cikin kwamfuta, kamar yadda take a shekarun 1920, lokacin da marubuta da mawaƙa baƙar fata suka bunƙasa a cikinta. Ɗalibansa sukan shiga su bi titunan da marubutan da suke karantawa suka bi. Ku lura da hikimarsa: bai tsaya ga nuna wahalar baƙar fata ba, ya nuna basirarsu da abin da suka gina. Yaron da bai san wasu mutane da komai ba sai wahala, tausayinsu zai ji, ba lallai ya girmama su ba.

A 2008 kuma, gidan tarihin tunawa da kisan kiyashin da aka yi wa Yahudawa, wanda ke birnin Washington, ya buɗe wani baje koli a cikin Second Life. Gwamnatin 'yan Nazi ta Hitler a Jamus ita ma ta jera 'yan Adam ne hawa-hawa bisa jini, ta ce wasu ba su cancanci rayuwa ba. A daren 9 ga Nuwamba 1938 zuwa wayewar gari, aka farfasa dubban kantunan Yahudawa, aka ƙona ɗaruruwan wuraren ibadarsu, aka kama maza kimanin 30,000. Ana kiran daren da daren fasassun gilasai. Mai ziyarar wannan baje koli yana shiga ne a matsayin ɗan jarida da aka aiko ya binciko abin da ya faru. Zai bi titi ya ga kantunan da aka fasa, ya leƙa wurin ibadar da aka lalata, ya karanta takardun zamanin, yana jin muryoyin mutanen da suka tsira suna ba da labari da bakinsu. Abin lura a nan shi ne matsayin da aka ba ɗalibi. Ba a ce masa kai ne aka zalunta ba, ba a ce masa kai ne azzalumi ba. An ce masa kai shaida ne, je ka gani, ka dawo ka faɗa. Kuma babbar tambayar da ake so ta tsaya masa a rai ita ce: maƙwabta da suka tsaya suna kallo fa, me ya hana su magana?

Ita Second Life a fuskar kwamfuta ake kallonta, kamar talabijin. Akwai kuma wani irin tabarau mai kauri da ake ɗaurawa a kai ya rufe ido ruf. In kin sa shi, ɗakinki ya ɓace. Kika waiga dama, kin ga abin da ke dama a waccan duniya. Kika ɗaga kai, kin ga rufinta. A hannu kuma akwai wasu 'yan na'urori da ke bin motsinki, in kin ɗaga hannu sai mutum-mutumin ya ɗaga nasa. Sirrin abin yana ga madubi. Za a ajiye madubi a cikin waccan duniya, ki duba ki ga wata fuska da ba taki ba, amma duk motsin da kika yi ita ma ta yi. Cikin 'yan mintoci ƙwaƙwalwa sai ta fara amincewa cewa wannan jiki nata ne.

Da wannan tabarau ne wata malama a Jami'ar Columbia, Courtney Cogburn, tare da masana na Jami'ar Stanford ƙarƙashin Jeremy Bailenson, suka fitar da wani aiki a 2018 mai suna 1000 Cut Journey, ma'ana tafiya mai yanka dubu. Sunan yana nuni ne da cewa wariya ba kullum take zuwa da sara ɗaya ba, ƙananan yanka ne yau da gobe har jini ya ƙare. Wanda ya sa tabarau zai zama wani baƙar fata da aka ƙirƙira mai suna Michael Sterling, a matakai uku na rayuwarsa. Yana ɗan shekara 7 a aji, yara suna wasa da 'yan katakai suna jifa, suna yi masa ba'a da launinsa, amma da shi ma ya yi jifa, shi kaɗai malama ta tsawata wa. Yana ɗan shekara 15, zai fita wasan ƙwallo, uwarsa hankalinta a tashe tana ce masa ya canza kaya don kada 'yan sanda su ɗauke shi a matsayin wanda suke nema, kuma yana fita sai ga 'yan sanda suna daka masa tsawa ya durƙusa. Yana ɗan shekara 30, ya je neman aiki da takardunsa masu kyau, mai ɗaukar ma'aikata ta wuce shi ta nufi farar fatar da ke zaune kusa da shi, a zatonta shi ne mai takardun. Duka tafiyar ba ta wuce 'yan mintoci ba.

Uwargida, a cikin matakan nan uku, ni wurin uwar nan ne ya fi tsaya mini. Kowace uwa ta san faɗuwar gaban da ake ji in yaro ya fita bai dawo da wuri ba. To ki ƙara da cewa launin fatarsa kaɗai ya isa ya jawo masa bindiga.

Akwai wani aikin kuma da ya bi wata hanya daban. A 2019 mai shirya fim Roger Ross Williams ya fitar da Traveling While Black, wato tafiya kana baƙar fata. A nan ba a canza wa kowa fata. Za ki sa tabarau ki tsinci kanki zaune a wani tsohon gidan abinci na birnin Washington mai suna Ben's Chili Bowl, wanda aka buɗe tun 1958. A teburin da kike, dattawa ne na gaske suke ba da labarin zamanin da baƙar fata ba ya iya tsayawa ko'ina ya ci abinci ko ya kwana in yana tafiya, har sai da wani ma'aikacin gidan waya, Victor Green, ya fara buga wani ɗan littafi a 1936 mai jera masaukai da gidajen abinci da gidajen mai da ke karɓar baƙar fata. Daga ƙarshe sai ki ga kanki gaban Samaria Rice, uwar Tamir Rice, yaro ɗan shekara 12 da ɗan sanda ya harbe a birnin Cleveland a 2014 yana riƙe da bindigar wasa. Tana magana, ke kuma ba abin da za ki yi sai saurare, kamar wadda ta je gaisuwar rasuwa.

To yanzu ga babbar tambaya: abin yana aiki kuwa? Masana sun gwada. Suna da wata jarrabawa ta kwamfuta da ke auna son zuciyar da ke ɓoye, wanda mutum shi kansa bai san yana da shi ba. Ana nuna wa mutum fuskoki farare da baƙaƙe tare da kalmomi masu daɗi da marasa daɗi, a ce ya haɗa su da sauri. In hannunsa ya fi saurin haɗa baƙar fuska da mummunar kalma, to akwai abin da ke kwance a zuciya.

A 2013, masana a Jami'ar Barcelona ta ƙasar Sifaniya, ƙarƙashin Mel Slater, suka ɗauki mata 60 masu farar fata. Wasu aka sa su a jiki baƙi, wasu a jiki fari, wasu a jiki mai launin shunayya wanda babu ɗan'adam mai irinsa, wasu kuma ba a ba su jikin da ke bin motsinsu ba. Da aka auna, waɗanda suka shiga baƙin jiki su ne ɓoyayyen son zuciyarsu ya ragu. A 2016 aka sake wani gwajin, aka ga ragin yana nan har bayan mako guda. Wannan shi ne gefen mai daɗi.

Ga kuma gefen mai ɗaci. Tun a 2009, a Jami'ar Stanford, an sa mutane a jikin baƙar fata gaban madubi, aka ce su ɗauka ganawar neman aiki za su shiga. Da aka auna, sai aka ga son zuciyar ya fi yawa ga waɗanda aka sa a baƙin jiki. A 2020 masanan Barcelona su ma suka gano cewa in an sa mutum a baƙin jiki, sannan mutanen da ke cikin waccan duniya suka riƙa yi masa kallon banza suna ƙyamarsa, son zuciyarsa ƙaruwa yake yi. Kun ga abin mamaki. Wato in mutum ya ji zafi yana cikin wannan fata, yana iya ɗora laifin zafin a kan fatar, maimakon ya ɗora a kan masu ƙyamar. Tabarau ɗaya ne, amma sakamako biyu, ya danganta da abin da aka nuna da yadda aka nuna shi.

Bayan haka akwai masu suka ta wata fuskar. Lisa Nakamura, malama a Jami'ar Michigan, ta yi rubutu a 2020 tana jan hankali cewa mutum zai iya sa tabarau ya yi hawaye, ya cire, ya ji daɗi a ransa cewa shi mai tausayi ne, ya koma gida bai canza komai ba. Gaskiya ne kuwa, domin shi yana da damar cire tabarau in abin ya ishe shi, wanda aka haifa da fatar kuwa da ita zai kwana, da ita zai tashi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wanda ya fake minti goma a ɗakin bai isa ya ce ya san damina ba. Ita kanta Courtney Cogburn ta sha nanata cewa tausayi kaɗai bai isa ba, abin da take so shi ne mutane su gane yadda wariya ta shiga cikin makaranta da aikin 'yan sanda da ɗaukar ma'aikata.

Wani haɗarin kuma shi ne a mayar da baƙin cikin mutane abin wasa. Wani kamfani a ƙasar Denmark ya yi wasan kwamfuta don koya wa yara tarihin cinikin bayi, ya sa wani sashe inda yaro zai riƙa jera bayi a cikin jirgin ruwa kamar ana shirya kaya a akwati. Da jama'a suka yi ca a 2015, sai aka cire sashen. An ce don koyarwa aka yi, amma abin da yaro zai koya a nan shi ne kallon mutum a matsayin kaya, wanda kuwa shi ne ainihin cutar da ake son magancewa.

Saboda duk wannan, malaman da suka san aikinsu ba sa miƙa wa yaro tabarau su juya baya. Kafin ya shiga, sai sun karantar da shi tarihin, ya san su wane ne, a ina, yaushe. Suna duba shekarunsa, domin abin da ɗan jami'a zai iya ɗauka zai iya hana ɗan firamare barci. Ba sa tilasta wa yaro baƙar fata ya sake shiga abin da yake fama da shi kullum, kuma ba sa mayar da shi abin nuni a aji. Mafi muhimmanci, in an cire tabarau sai a zauna a tattauna. Me ka gani? Wa aka cuta? Wa ya ci riba da cutar? Wa ya tsaya yana kallo bai ce uffan ba? Da kana wurin, me za ka yi? A wannan zama ne darasin yake shiga. Na'ura tana buɗe wa yaro ido ne kawai, mutum ne zai gaya masa ma'anar abin da ya gani.

Na san wata za ta ce, to mu ina ruwanmu, mu da dukanmu baƙar fata ne, kuma tabaran nan ko a mafarki ba mu gan shi ba? 'Yar'uwa, ki tuna yaran da aka ajiye wa 'yan tsana. Su ma baƙar fata ne, kuma ba a aji suka koyi ƙin launinsu ba, a kunne suka tsince shi tun suna ƙanana. Gaskiya ne mu ba mu da dokar da ta raba famfo ko kujerar mota, kada mu haɗa abin da ya faru da su da namu mu ce ɗaya ne. Amma mu saurari bakinmu. In an yi haihuwa, mata su shigo barka, ana duba kunnen jaririya ana cewa Allah ya sa ta tsaya a fara. In an kawo amarya, a ce ai fara ce sol, kamar an gama yabo ke nan. Har karin magana aka yi, wai fara ko mayya ce. In rai ya ɓaci kuma, a ce wa yarinya baƙa kamar bayan tukunya. Yaro zabiya ya fito wasa, yara su bi shi da waƙa, manya suna dariya. Yarinyar da ta tashi tana jin wannan, in ta girma ta kama shafa man bilicin har fatarta ta ƙone, wa ya fara aika ta? Ba ta buƙaci tabarau ba, mu muka gina mata duniyar da ta ga kanta a ciki.

Ga kuma 'ya'yanmu da ke fita karatu ko neman abinci ƙasashen waje. Wasu za su haɗu da kallon raini saboda fatarsu. Yaron da aka gina a gida ya san darajar kansa, kallon banza ba ya rushe shi. Wanda aka riga aka rushe tun a tsakar gida kuwa, ƙaramar iska ta ishe shi.

Sannan kada ki ɗauka wannan ilimi ya fi ƙarfinki don kina cikin gida. Gidajen tarihi da yawa sun sa kayansu a intanet yadda za a iya gani a wayar hannu. Babban gidan tarihin baƙar fatar Amurka da aka buɗe a Washington a 2016 ya buɗe irin wannan shafi a 2021. Da Turanci yake, amma in kina da ɗa ko 'ya a sakandare, ki sa su buɗe ku duba tare, su fassara miki, ke kuma ki yi musu tambayoyin nan da muka lissafa. Su suna da Turanci, ke kina da hankalin manya. Kada ki bar ƙaramin yaro shi kaɗai da hotunan da za su firgita shi, ki fara dubawa tukuna.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Daga yau, in za ki yabi 'yarki, ki yabi hankalinta da ladabinta da aikin hannunta. In za ki yi mata faɗa, ki yi faɗa a kan laifin da ta yi, ki bar fatarta inda take. In kin ji ɗanki yana tsokanar wani saboda launinsa ko ƙabilarsu, ki kira shi ki zaunar da shi, ki tambaye shi yadda zai ji in shi aka yi wa.

To 'yan uwana, agogo ya harare mu, a nan za mu dasa aya. Ku tattauna wannan batu da abokan zama da maƙwabta in an haɗu wajen suna ko biki. A gaida maigida, a shafa kan yara. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu, ku huta lafiya.